Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Sa Tsohuwar Na'urar da Ba Ta Taɓa Shiga Kasuwa Ba Take Tsadar Gida?

TAMBAYA

Ni mai gyaran rediyo, talabijin da na'urorin gem ne. Na ji an ce a Amurka an sayar da wata tsohuwar na'urar gem a kan dala 360,000, wai don samfurin gwaji ce. Abin ya ɗaure mini kai. Mu a nan in abu ya tsufa sai mu cire abin da zai yi amfani, sauran mu auna wa 'yan gwangwan a kilo. Don Allah mene ne samfurin gwaji? Me masu tara su suke gani a jikinsu? Kuma anya ba mu taɓa farfasa irinsu da hannunmu ba mu sani ba?

Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA

Malam, abin da ka ji haka yake, babu ƙari. A watan Maris na 2020 gidan gwanjo na Heritage da ke Dalas ya sayar da na'urar da aka fi sani da Nintendo PlayStation. Tayi ya tsaya a kan dala 300,000, da aka ɗora la'adar gidan gwanjo mai saye ya biya 360,000. Bari mu fara da tarihinta, domin rabin amsarka a ciki take.

A 1988 kamfanonin Jafan biyu, Nintendo da Sony, suka ƙulla yarjejeniyar haɗa na'urar da za ta karɓi kaset ɗin Super Nintendo, ta kuma karanta faifan CD. Wani injiniyan Sony, Ken Kutaragi, shi ya tsaya kai da fata a kan aikin. A watan Yunin 1991, a wurin baje kolin kayan lantarki na Shikago, Sony ya sanar wa duniya da na'urar. Washegari Nintendo ya fito ya ce shi fa da Philips na ƙasar Holan zai yi tafiya, domin ya ga yarjejeniyar ta ba Sony iko mai yawa a kan ribar wasannin da za a buga a faifai. Sony ya ji zafin wannan tozarci, ya ci gaba shi kaɗai, ya fito da PlayStation a Disamban 1994. Ita ce kakar waɗanda yara ke yi wa layi a gidajen gem na unguwanninmu.

Kafin a raba gari an riga an ƙera samfura, ana ƙiyasta kusan 200, aka lalata mafi yawansu. Ɗaya ta tsira a hannun Olaf Olafsson, tsohon shugaban sashen wasanni na Sony a Amurka, wanda daga baya ya koma wani kamfanin hada-hadar kuɗi mai suna Advanta. Da Advanta ya karye a 2009 aka yi gwanjon kayan ofisoshinsa, wani ma'aikacin wurin, Terry Diebold, ya sayi tarin kwalaye a kan dala 75, na'urar tana ciki. Ta yi shekaru a jibge, sai a 2015 ɗansa ya sa hotonta a intanet. Da yawa suka ce jabu ce, sai da aka kwance ta aka duba cikinta sannan bakin masu musu ya mutu. A 2017 wani gwanin gyara, Ben Heckendorn, ya tayar da sashen faifanta bayan ya canza wasu kafasitoci.

Yanzu dubi abin da mai sayen ya kai gida: akwatin roba mai ruwan toka da ya fara yin rawaya, ramin kaset a sama, bakin faifai a gaba, abin riƙewa mai siffar na Super Nintendo amma da sunan Sony a fuskarsa. Ko wasa ɗaya na faifai ba a taɓa fitar mata a kasuwa ba. In don buga gem ne, wayar da ke aljihunka ta fi ta nesa ba kusa ba. Abin da ya biya wa kuɗi shi ne shaida, wadda ake taɓawa da hannu, cewa waɗannan manyan abokan hamayya sun taɓa zama abu ɗaya. Ka riƙe wannan, don a kansa duk harkar ta ginu: tsufa kaɗai ba ya sa tsada, sai an haɗa da ƙaranci, da labari, da hujjar da ke tabbatar da labarin.

Mene ne samfurin gwaji?

Shi ne na'urar da kamfani ya haɗa don injiniyoyinsa su jarraba, kafin ya ba masana'anta umarnin bugo dubbai. Na farkon farko sau da yawa ko kama da na'ura ba ya yi, fanel ne tsirara, wayoyi a warwatse, an liƙa su da dalma da hannu. Linzamin kwamfuta na farko, wanda Bill English ya haɗa wa Douglas Engelbart a Kalifoniya a 1964, ɗan akwatin katako ne mai tayoyin ƙarfe biyu da maɓalli ɗaya. Na'urar gem ta gida da Ralph Baer da abokan aikinsa suka haɗa a ƙarshen shekarun 1960 akwati ce da aka manna wa leda mai zanen katako. Ita ta zama Magnavox Odyssey a 1972, yau tana gidan tarihi na Smithsonian a Washintan.

Kamfanonin yanzu sun raba matakan da haruffa, za ka gan su a 'yar takardar da ke manne a jikin na'ura. EVT shi ne matakin da ake duba ko lantarkin yana aiki yadda aka tsara. A DVT ake jarraba jiki da siffa: a yar da ita ƙasa, a gasa ta da zafi, a jiƙa ta, a girgiza ta. PVT kuwa gwajin masana'antar ce kanta, a ga ko za ta iya fitar da dubbai iri ɗaya ba tangarɗa. Gwargwadon kusancin na'ura da matakin farko, gwargwadon yadda ta bambanta da wadda ta shiga kasuwa, gwargwadon kuma yadda masu tarawa ke rububinta.

Wani lokacin ma da gangan ake munana ta. A 2021, da iPod ta cika shekara 20, wani kamfanin manhaja mai suna Panic ya nuna samfurinta na watan Satumban 2001: ƙaton akwatin roba da ya ninka ainihin na'urar sau da yawa, cikinsa kusan fanko. Tony Fadell, wanda ya jagoranci aikin, ya tabbatar da ita, ya ce ba a so ta yi kama da iPod ne saboda sirri.

Me ya sa suke wuyar samu?

Tun asali kaɗan ake yi. Sannan dukiyar kamfani ce mai ɗauke da asirinsa, don haka al'ada ita ce a niƙe ta da zarar aiki ya ƙare. Kamfanin da zai binne kayan da ya gama ƙerawa ai ba zai ji tausayin na gwaji ba. A 1989 Apple ya binne kwamfutocin Lisa kimanin 2,700 a wani juji a garin Logan na jihar Yuta, kamar yadda Atari ya binne tulin kaset a Alamogordo a 1983, waɗanda aka tono a 2014. Ƙari a kan haka, a lokacin da ake aikin babu mai yi musu kallon tarihi, tarkace ne kawai da ya tare wa injiniya tebur.

Waɗanda suka tsira yawanci ta ƙofar baya suka fita. Ko injiniya ya tafi da ɗaya gida ya manta da ita a sito, ko an aika wa masu rubuta manhaja ba a karɓo ba, ko kamfani ya durƙushe aka yi gwanjon rumbunsa. Commodore 64 da ta fito a 1982 tana cikin kwamfutocin gida da aka fi saye a tarihi. Kamfanin ya shirya magajiyarta, Commodore 65, tsakanin 1990 da 1991, sannan ya soke aikin. Da ya karye a 1994 aka sayar da samfuran da araha. A 2017 an sayi ɗaya a eBay a kan sama da yuro 80,000.

Macintosh ta farko kuma an tsara ta ne da injin faifai mai inci biyar da kwata wanda Apple ya ƙera da kansa, ana ce masa Twiggy. Injin ya yi ta ba da ciwon kai a kwamfutar Lisa, sai aka maye gurbinsa da na Sony mai inci uku da rabi kafin a ƙaddamar da Macintosh a Janairun 1984. 'Yan ƙalilan masu tsohon injin suka tsira, aka sayar da ɗaya a gidan gwanjo na Bonhams a Disamban 2019 a kan kimanin dala 150,000. In ka jera ta da ta kasuwa, babban bambancin da ido zai kama shi ne faɗin bakin faifan.

Yaya ake gane ta gaske?

A nan masu tarawa suka fi shan wahala, domin inda kuɗi ya yi yawa 'yan damfara ba sa nisa. Tambayar farko ita ce silsila: wa ya ƙera ta, wa ya ba wa, yaya aka yi ta fita daga kamfani, ina ta kwana duk shekarun nan? Kamar yadda malaman hadisi ke bin isnadi mutum bayan mutum, in an sami giɓi daraja ta ragu, haka nan ake bin sawun na'ura.

Misali mafi kyau shi ne fanel ɗin gwaji na kwamfutar Apple ta farko, wato Apple-1. A 1976 Steve Jobs ya nuna wa Paul Terrell, mai shagon Byte Shop, kwamfutar da Steve Wozniak ya tsara, Terrell ya ba da odar guda 50. A shekarar Terrell ya ɗauki hotunan fanel ɗin gwajin da kyamarar Polaroid. Bayan shekara 46 wani fanel ya bayyana, a karye, gefe guda ya ɓata, ba ya aiki. Masanin Apple-1 Corey Cohen ya gwama shi da tsofaffin hotunan nan ya tabbatar shi ne. A watan Agustan 2022 gidan gwanjo na RR Auction ya sayar da shi a kan dala 677,196. Ba don hotunan ba, da wuya wani ya ba da ko kusa da haka.

Bayan silsila sai jikin na'urar, kuma nan ne ku masu gyara kuka fi kowa ido. Yawancin IC suna ɗauke da lamba huɗu da ke nuna lokacin ƙira: in ka ga 7622, shekarar 1976 ce, mako na 22. Na'urar da aka ce ta 1983 ce, aka tarar IC ɗinta na 1990 ne, ko dai an taɓa gyara ta ko ana yi maka ƙarya. Sauran alamomin su ne siraran wayoyin da aka tsallaka da hannu a kan fanel don gyara kuskuren zane, da rubutun biro ko maka, da ramukan da ba a rubuta aikinsu ba, da rashin lambar siriyal irin ta kasuwa, da rubutun da ke cewa ba ta sayarwa ba ce. Akwai masu jikin roba garai-garai da ake hango ciki. Akwai kuma IC mai 'yar tagar gilashi a bayanta da aka rufe da sitika, wato EPROM, wadda ake gogewa a sake rubuta manhaja a kanta.

Sai dai kada ka ruɗe da 'yan uwanta na nesa. Wayar roba da ake jerawa a shago don nuni ba samfurin gwaji ba ce. PlayStation mai launin shuɗi da Sony ya raba wa kamfanonin gem don gwada wasanninsu tana da masoya, amma an yi ta da ɗan yawa, farashinta bai kama ƙafar waɗanda muka ambata ba. Akwai kuma kwaikwayon Apple-1 da ake haɗawa a yau a sayar a fili a matsayin kwaikwayo. Matsalar tana zuwa ne in wani ya tsufar da shi da gangan ya ce na asali ne.

Halas ne a saye su?

Ya danganta da yadda suka fita. Wadda aka saya a gwanjon kamfanin da ya karye, da rasit, babu ƙura a kanta. Wadda kamfaninta ke raye kuma bai sallama ba, maganar daban ce. A 2010 wani injiniyan Apple ya manta da samfurin iPhone 4 a wata mashaya a Redwood City. Wanda ya tsinta ya sayar wa kafar labaran fasaha ta Gizmodo a kan dala 5,000, aka kwance ta aka nuna wa duniya kafin lokacin ƙaddamarwa. 'Yan sanda suka yi bincike a gidan editan, a 2011 kuma kotu ta yi wa matasa biyu da suka yi cinikin ɗaurin talala na shekara guda, da aikin al'umma na awa 40. Kayan tsintuwa cigiya ake yi masa, a shari'armu da dokar Kalifoniya duka. Saboda haka in wani ya kawo maka sabuwar waya mai rubutun mallakar kamfani yana cewa samfur ce, ka tambayi inda ya samo ta kafin ka tambayi kuɗinta.

Shin suna zuwa nan?

Gaskiya, Malam, kada ka sa rai da yawa. Kwantenonin tsofaffin kayan lantarki da ke sauka a Legas, su watsu zuwa Alaba da Computer Village na Ikeja, su gangaro arewa, galibinsu kayan ofisoshi da gidaje ne da aka buga miliyoyinsu. Da wuya ƙwarai a ce ka taɓa farfasa wata Commodore 65.

Amma akwai samfurin gwaji da ya taka ƙasarmu da rana tsaka. A 2005 Nicholas Negroponte na jami'ar MIT ya fito da shirin ba kowane yaro kwamfutar cinya mai arha, wadda aka riƙa kira ta dala 100. A watan Nuwamban shekarar aka nuna samfurinta a wani taro a Tunis tare da Kofi Annan, koriya mai hannun murzawa don cajin batir, hannun da aka cire daga tsarin daga baya. A 2007, kafin a fara ƙera ta da yawa a watan Nuwamba, an raba wa ɗaliban makarantar firamare ta Galadima da ke Abuja kwamfutocin shirin, waɗanda aka sa wa suna XO, masu launin kore da fari, masu eriya biyu kamar kunnuwa. Makarantar tana cikin wuraren farko a duniya da aka gwada su. Irin wannan ba za ta saya maka gida ba, amma wani yanki ne na tarihin ilimi a Najeriya, kuma ta fi ƙarfin a auna ta a kilo.

In baƙuwar na'ura ta faɗo hannunka

Abu na farko, kada ka jona ta. Wutar Jafan bolt 100 ce, ta Amurka 120, tamu da ta Nijar kuwa tsakanin 220 da 230. Jonawa ɗaya ba tare da sitef-dawun ba ta isa ta ƙone abin da babu kayan gyaransa a duniya. Ko wutar ta dace, kafasitar da ta yi shekara talatin a kwance tana iya fashewa ko ta haɗa wuta. Buɗe ta a hankali, ka ɗauki hoton komai kafin ka taɓa, ka cire batirin da ke kan fanel, domin yoyon batir ya kashe tsofaffin kwamfutoci ba adadi, yana cinye layukan tagulla. In za ka gwada, ka sa ƙwan fitila mai zare a tsakanin wuta da na'urar, in akwai haɗuwar wuta ƙwan ne zai haska maimakon fanel ya ƙone.

Na biyu, ka danne sha'awar gyara ta yi kyau. Kada ka goge rubutun hannu, kada ka ɓare sitika, kada ka yi mata fenti. Abin da kake gani datti, a wurin masani hujja ce. Sitikar da ke kan tagar EPROM musamman, in ka cire ta haske mai ƙarfi ya daɗe yana dukan tagar, manhajar ciki gogewa za ta yi, wataƙila kuma babu kwafinta a ko'ina. Duk abin da ya zama dole ka canza, ka ƙulle tsohon a leda ka ajiye tare da na'urar. Ka nesanta ta da ƙurar hunturu, da laimar damina, da zafin ɗakin kwano. Sannan ka rubuta a takarda wa ya kawo ta, yaushe, daga ina. Wannan takardar ita ce farkon silsilarta.

Kasuwanci ne ko riƙon amana?

Duka biyun akwai, amma wanda ya shiga don riba kaɗai ya shirya wa ɓacin rai. Masu saye kaɗan ne, farashi kuma ya danganta da wanda ya halarci gwanjo a ranar. Shi kansa Diebold ya ce ya ƙi tayin dala miliyan 1.2 daga wani mutum a Nowe kafin ya kai na'urarsa gwanjo, inda ta tsaya a ƙasa da sulusin haka.

Akwai kuma muhawara tsakanin masu tarawa da masana tarihi. Na'urar da attajiri ya kulle a ɗakinsa ta tsira daga juji, amma ɗalibi ba zai gan ta ba, kuma makomarta tana rataye da ran mai ita. Paul Allen, wanda ya kafa Microsoft tare da Bill Gates, ya buɗe gidan tarihin kwamfutoci a Siyatil inda baƙi ke zama su yi aiki da tsofaffin injuna. Ya rasu a 2018, aka rufe gidan a 2020, a 2024 kuma gidan gwanjo na Christie's ya sayar da wasu daga cikin manyan kayansa. Shi ya sa nagartattun masu tarawa suke kwafe manhajar da ke cikin samfur su raba wa masu bincike, su ɗauki hoton fanel gaba da baya, domin ko ƙarfen ya mutu ilimin ya wanzu.

Darasin da ya fi shafarmu a nan gida yake. Linzamin katakon Engelbart ya kai yau ne saboda wani ya ga dacewar ajiye shi tun bai zama komai ba. A 2007 wani ɗalibin Jami'ar Bayero ya haɗa jirgi mai saukar ungulu da tarkacen mota da babur, har kafofin labaran duniya suka ɗauka. Kowace shekara ɗaliban injiniya a jami'o'i da kwalejojin fasaha suna haɗa na'urorin kammala karatu, masu gyara irinku kuma suna ƙirƙiro inbata da caja da dabarun da babu su a littafi. Waɗannan su ne samfuran gwajinmu. Gidajen tarihinmu irin su Gidan Makama sun adana kayan yaƙi da na sarauta, ya kamata a sama wa waɗannan ma gurbi. Kafin hukuma ta waiwayo, kai ka fara daga shagonka: abin da ka ƙirƙira da hannunka, ka ajiye na farkon, ka rubuta kwanan wata da sunanka a jikinsa.

Allah ya yi wa sana'a albarka.